Zane a Gilashin Mota

Har yau in na tuna da Abdurazak a kujerar gaba, waya a hannu, yana karkata kai yana neman haske, sai in ji raina ya ɓaci. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ban ga ranar da zan yafe masa ba.

Ranar ce aka sallami Baba daga asibiti a Tawa, ya warke sarai. Ni ke tuƙa motar haya zuwa ƙauyenmu, can bayan Affala, don haka na ƙi ɗaukar fasinja, na shimfiɗa masa a baya. Duk hankalina yana kan Inna. Tana da hawan jini, kuma tun da aka kwantar da Baba ba ta ci ba ta barci, kullum tana zaure tana kallon hanya. Na yi ta kira don in shaida mata muna tafe, babu rezo, waya ba ta shiga ƙauyen.

Abdurazak kuwa daga Yamai ya zo. Aikinsa ɗaukar kansa a bidiyo yana surutu, wai yana da masu kallo. Muna fita gari ya manna wayar a gaban mota, ya fara ƙorafi.

"Yaya Jibrilla, dibi nan. Rana ta yi yawa waje, huskata ta zama baƙi ƙirin. In na taɓa huskar a allon waya ta yi haske, sai gilashi ya koma hwari hwat."

"To mi za ni yi ma? In kashe rana?"

Ya danna allon ya riƙe, ya ce ya kulle hasken don kada ya riƙa tsalle in mun wuce inuwar itace. Bai gamsu ba. Ya jawo zanen Baba da bargonsa ya maƙale a gilasan baya da na gefe, motar ta yi duhu, ya kunna 'yar fitila a ƙarƙashin haɓarsa. Baba ma ya ji daɗin inuwar, ya miƙe ya yi barci. Na ce ya cire, ya ce in mun kusa gari zai cire. Ƙarya yake yi.

Da muka sauka kan hanyar duwatsu, sai ga wani sabon iyayi.

"Dusuman, Yaya, hoton na rawa! Wurin ga na nika so, shigarmu gari. Ka yi a hankali, don Allah."

Na rage gudu saboda Baba yana barci, ba don shi ba. Haka muka shiga ƙauye muna rarrafe, gilasai a lulluɓe. A wajenmu kuwa, mota ba ta shigowa a hankali da zane a gilashi sai in gawa ta ɗauko. Kowane yaro ya san haka, shi ma a nan aka haife shi.

Matan bakin rijiya ne suka fara gani. Suka ajiye tuluna, ɗaya ta ɗora hannu a ka, wata ta ruga gidanmu. Na leƙo ina ihu cewa lafiya lau, amma kuka ya riga ya rufe muryata. Shi kuwa gogan yana ta murmushi ga wayarsa, wai hasken ya zauna daidai.

Mun tarar da Inna a ƙasa a zaure, baki ya karkace. Baba da kansa ya fito daga mota ya tallabe ta yana kiran sunanta, "Raƙiya! Raƙiya, ni na!" Na fizge wayar daga hannun Abdurazak na maka ta da bango, na so a ce shi na maka.

Inna ta tashi, tana ma takawa da sanda yanzu. Amma abin da aka gaya mata ranar nan, cewa Baba ya rasu, shi ya zauna mata. Ta daina kwalli, ta daina turare, ba ta fita ko ƙofar gida, wai tana takaba. Kullum da safe Baba yakan je ya zauna kusa da tabarmarta ya gaishe ta. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce masa cikin ladabi, "Mun gode da gaisuwa, malam. Kai ma ka san shi?"