Labulen Injin Auta

Ku gafarce ni da wannan karambani, ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san ba a gwada tsawo da manya.

Yaya tela ce, shekara ashirin tana kan keke. Ƙaninta Auta kuwa injiniya ne, ya buɗe ɗan kamfani a wani tsohon gareji, ya ce ya ƙera injin da kwalbar fetur ɗaya ke riƙe shi wuni guda. Da za a nuna wa masu sayen hannun jari, ya roƙe ta ta ɗinka labulen da zai zagaye teburin injin har ƙasa.

"Ki bar mini 'yar kafa ta baya, Yaya, kamar ta maɓalli. Waya ce za ta bi."

Ta yi, ta kalmashe bakin kafar da hannu.

Ranar gwaji mutum tara suka zo, har da Mai Taya, dillalin tayoyin da Yaya ke yi wa iyalinsa ɗinki. Auta ya juye kwalba a tanki, ya ja igiya, inji ya kama ruri. Awa biyu bai yi ko tari ba.

Mai Taya bai ko gyara zama ba. "Yaro, bara ka ce hannun jarinka naira ɗari, yau ka ce dubu. Inji nawa ka sayar a tsakani?"

"Tukuna dai, ranka ya daɗe."

"To ƙwai yake yi da dare, da ya yi tsada haka?"

Aka kwashe da dariya. Auta ya share goshi.

"Ni ban san inji ba," in ji Mai Taya, "amma na san yayarka. Ko ƙyallen da ya rage maido mana take yi. In ta ce in saya, na saya."

"Ai ita ta raine ni," Auta ya ce da sauri. "Bari ku ga takardun, sai ta yi magana."

Suka duƙufa kan takardu. Zuciyar Yaya fes, har tana shirya abin da za ta faɗa. Sai idonta ya kai kan labulen: ta baya ya ɗan tattare. Tela ba ta iya ganin ɗinkinta a karkace ta ƙyale. Ta zagaya, ta durƙusa, ta ja gefen.

Yadin a jiƙe yake, yana warin fetur. Abin da ya bi ta kafar ba waya ba ne, siririn tiyo ne. Ta ɗaga labulen kaɗan. Ga jarkar fetur a ƙarƙashin tebur, ta yi rabi, tiyon na zuƙa daga cikinta zuwa inji.

Ta daɗe a durƙushe. Ashe da Auta ya zo yana auna kafar da ɗan yatsansa, yana cewa hannunta albarka ne, wannan yake aunawa. Kuma shi ya nace a gayyato Mai Taya.

In ta ce a saya, ta ci amanar mutumin da ya yarda da ita. In ta ɗaga labule a gabansu, ta kashe ɗan uwanta da ransa. Bakinta ya ƙi ɗaukar ko ɗaya.

"Ina Yayar tamu?" ta ji Auta yana cewa cikin fara'a. "Yaya, zo ki gaya musu!"

Inji na ta ruri, ba wanda ya ji ƙarar ƙofar baya. Ta ɗauki jakarta, ta bi ta tsakanin tsofaffin ƙarafa, ta fita titi, yatsunta na warin fetur.