Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Sau huɗu ke nan ma'aikaciyar tagar magani tana danna babban yatsan Inna a kan ɗan gilashin, sau huɗu fitilar tana kawo ja.

"Mama, goge shi a zaninki mu sake."

Inna ta goge, har da tofa masa yawu. Ja dai. Ma'aikaciyar ta buga lambar katin a kwamfuta, ta yamutsa fuska.

"An cire ki daga rajistar tsofaffin ma'aikata, Mama. Ba ni da ikon ba ki allurar suga sai sunanki ya fito."

"An cire ni zuwa ina, 'yar nan? Shekara ashirin da bakwai ina wanke zannuwan gadon asibitin nan." Ta juya tana dariya wajen ɗanta da ya rako ta. "Ga ma Injiniya nan. Injinan gwamnati kaf a hannunsa suke. Yi mata bayani."

Injiniya ya kau da kai. Katin aikinsa da ke rataye a wuya ya lallaɓa ya cusa cikin riga, don ya san wanda ya cire ta.

* * *

Kamfaninsu ne ke adana wa hukumomin gwamnati bayanai. A wani ɗaki marar taga ake ajiye manyan na'urorin, jere cikin dogayen akwatunan ƙarfe, ga sanyin da sai da rigar sanyi ake shiga ko da ana zabga rana a waje. Mako uku da suka wuce, ana jibi masu duba aiki za su zo, Manaja ya same shi a can.

"Mutum dubu huɗu da ɗari ba su da zanen yatsa. Su ne suka hana rahotonmu cika. Kawar da su gefe."

"Yallaɓai, ba duka ne na bogi ba. Aikin hannu yana cinye zanen yatsa. Masu wanki, masu kwaɓa siminti... Akwai gurbin da ake keɓe irinsu in likita ya sa hannu."

"Wata nawa hakan zai ɗauka? Kai likitan yatsu ne? Wanda ke da rai ai zai zo ya yi ƙorafi."

Injiniya ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma matsoraci ya fi kowa dabara. Kafin ya danna, sai ya ɓoye layin sunaye daga allon, ya bar lambobi zalla. Lamba ba ta da fuska, ba ta kiran mutum ɗana. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Baƙi suka zo, suka yaba, aka yi hoto a gaban na'urorin. Hoton yana nan a ɗakin Inna, ta rataye shi sama da gadonta tana nuna wa duk wanda ya shigo. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

* * *

Daga asibiti ya wuce ofis kai tsaye. Ya buɗe layin sunayen da ya ɓoye, ga sunan uwarsa a tsakiya. Ya mayar da shi, ya sa alamar an keɓe ta daga dangwala yatsa.

Sauran fa? Yatsansa ya tsaya a kan madannin. Duk abin da aka taɓa a nan yana barin sawun mai taɓawa. Suna ɗaya a ce kuskure ne. Dubu huɗu kuwa sai an tambayi wanda ya cire su, da wanda ya ba da umarni, kuma ya san Manaja zai rantse bai taɓa jin zancen ba. Ya tuna 'ya'yansa biyu. Ya ce wa kansa sai mako mai zuwa, ya rufe allon.

* * *

Washegari da safe sunan Inna ya fito tun bugun farko. Ta karɓi allurarta, ta juyo wajen bencin masu jira tana washe baki.

"Ban faɗa muku ba? Yini ɗaya ya gyara!"

Sai a lokacin ya lura da mutanen bencin. Tsofaffi ne, kowa da kati a hannu. A ƙarshensu ga Gwaggo, abokiyar aikin Inna, wadda ta sha goya shi a ɗakin wanki in Inna na matse zannuwa. Ta rame, ƙafarta ɗaya naɗe da bandeji.

"Injiniya, kai ne ka zama ƙato haka?" ta ce. "Zuwana na biyar ke nan. Cewa aka yi in riƙa shafa mai, wai zanen zai dawo. Kullum sai na shafa."

"Gwaggo, ba laifin..." Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Laifin yatsun ne, ɗana, sabulu ya gama da su. Kai da ka san halin injin, duba mini. Sun fara dawowa?"

Ta buɗe masa tafukanta. Na kusa da ita ma ya buɗe nasa, sai na gaba da shi. Injiniya ya sunkuya yana kallon yatsun Gwaggo, sumul, suna ƙyallin mai, Inna kuma na tsaye a bayansa tana cewa, "Ku kwantar da hankalinku, ai ya gani."