Shayin Yaya

A gidanmu Yaya ne ɗan gaban goshi. Ni ƙanwarsa, mai wanke kofuna ce kawai.

Tun da ya fara aiki a masana'antar da ake narka tsoffin robobi, kullum da safe Mama sai ta tafasa shayi, ta ɗura masa da zafinsa a wata tsohuwar gorar roba har gorar ta lotsa, ta naɗe ta da tawul. Ni ma fa aiki nake fita, shagon ɗinki, amma ko murfin gorar ban taɓa lasa ba.

"Mama, ni fa?"

"Ke da kike wuni a inuwa? Ga ruwa can a famfo."

Kishi ya ci ni ya cinye. Na tsani gorar nan kamar mutum ce.

Ana nan ƙafafun Yaya suka fara kumbura, fuskarsa ma ta bi sahu. A asibiti likita ta tambayi aikinsa, ta tambayi abin da yake sha. Mama ta zaro gorar daga jaka, har da ɗan alfaharinta.

Likita ta juya ta a hannu, ta ce, "Mama, ba zan rantse ita kaɗai ce ba, ga hayaƙin wurin aikinsa. Amma akwai sinadaran da ake zuba wa roba, zafi kan fito da su, su bi abin sha. Ƙoda ce matatar jini, komai ta nan yake bi, ƙwayoyinta su yi ta lalacewa a hankali. Nasa sun gaji. Sai dashe."

Aka gwada 'yan gida kaf. Tawa ce ta dace.

Washegari da safe Mama ta shigo ɗakina da shayi a kofin tangaran ɗin baƙi, wanda ko taɓawa ba a bari mu yi. Ta zauna a bakin gado tana hura min shi, tana kallona kamar yau ta haife ni.

"Sha, 'yar albarka. Likita ta ce ki kula da jikinki."

Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Zan ba shi ƙodar, ɗan'uwana ne, wannan ba abin shawara ba ne. Amma da na kurɓa sai hawaye suka zubo min, domin idon Mama ba a fuskata yake ba, yana kan kwiɓina.

Wannan ma shayin Yaya ne. Gora kawai aka sake.