Turaren da Ya Ci Faifai

Zarghun Shah ya kwance ƙyalle a kan teburin Noroz, mai shagon kwafar fina-finai a birnin Peshawar. Faifai ɗaya ne a ciki, tsohon fim ɗin harshen Fashto da ya ɓace daga kasuwa. Ɗan Zarghun, Mirwais, mai rasuwa, ya fito a ciki na minti ɗaya, yana zuba wa jarumin shayi. Ban da nan, babu inda muryarsa ta rage.

Noroz ya ɗaga faifan sama, ya shinshina.

"Baba, turare kake shafa masa?"

"Duk Juma'a."

"Gemu ne? Ai turaren ya cinye bayansa. Dubi yadda haske ke ratsawa. Ga tsaga kuma a cibiya."

"Ban zo hira ba. Kwafa."

Noroz ya juyo da allon kwamfuta. Manhaja biyu gare shi, ya ce. Ta farko mai sauri ce, in ta iske wurin da ya lalace sai ta tsallake. Ta biyu taurin kai gare ta, tana komawa wuri ɗaya sau ɗari har ta karanta. Amma faifan zai yi ta juyi yana ɗaukar zafi, mai tsaga kuwa yakan tarwatse a cikin na'ura.

"Ina lalacewar take?"

"Wajen minti na arba'in."

A minti na arba'in da ɗaya Mirwais yake shigowa da butar shayi.

"Mu fara da mai saurin, Baba, ko sauran fim ɗin ka samu."

"In yi me da sauran? Mai rawar cikin fim ɗin uwata ce?"

"To ka sani, gwaji ɗaya faifan nan zai ɗauka. Babu na biyu."

"Sa mai taurin kan."

Na'urar ta haɗiye faifan. Lambar kashi cikin ɗari ta fara hawa a allo, goma, ashirin, talatin. A talatin da huɗu ta tsaya, daidai wurin lalacewar. Ƙugin ya sauya, ya koma kamar zanzaro a cikin gwangwani. Ƙamshin wardi mai ɗumi ya fara fitowa ta bakin na'urar. Wani abu ya yi ƙas a ciki.

"Baba, tsagar ce ke tafiya. Bari in fitar!"

Noroz ya kai hannu ga maɓalli. Zarghun ya damƙe wuyan hannunsa, idonsa na kan allon.

Talatin da biyar.

Faifan ya sake yin ƙas, ya fi na farko ƙarfi.

"Bar shi," in ji tsohon. Bai saki hannun ba.