Likkafanin Armaniyus

Daren Talata ne Mukaddis Gattas ya fara jin ƙarar daga rufin gidan yayansa Sidarus. Ba ta yi kama da takun mutum ba, ba kuma ta dabba ba. Wani abu ake ja, shuu, a tsaya, a sake ja, shuu, can sai a ji tim, kamar an yar da buhun albasa. Matarsa ta ce ko aljanu ne. Gattas ya ce aljanin da zai rasa wurin zama sai gidan Sidarus, ai matsiyacin aljani ne, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Kwana biyar suka rage a yi sulhu. Shekara goma sha huɗu ke nan da Armaniyus ya sare Fanus, ɗan Sidarus tilo, da fartanya a bakin magudana, a kan wanda zai fara ba rakensa ruwa. Ya gama zaman kurkuku, ya dawo ba haƙoran gaba, ya ɓuya a gidan ƙanwarsa a hayin kogi. Dagaci da Abuna, limamin cocinmu, suka shiga tsakani, aka tsayar da Lahadi. Armaniyus zai ɗauko likkafaninsa a kan hannu biyu, ba takalmi, ba rawani, ya ratso gari tun daga gada har rumfar taro, ya durƙusa, a ɗora masa bayan wuƙa a wuya, sannan a yanka rago a madadinsa. Wanda aka yi wa haka ya tsira da ransa, amma a garinmu ba ya ƙara ɗaga murya a taro har ya mutu.

Wannan ranar Gattas yake jira. Shi ya zaɓi wuƙar, shi ya wasa ta, duk da bayanta kawai ake bukata. Ya je ziyara Ƙudus sau ɗaya, abin da ya sa ake ce masa Mukaddis, aka zana masa shekarar a fatar dantse, tun daga nan ko sanyi na kashe jakai sai ya naɗe hannun riga. Yayansa kuwa, Gattas bai ɗauke shi a bakin komai ba. Tun da ɓarin jiki ya taɓa Sidarus yake jan ƙafar hagu, ba ya taku uku ba sanda, ba shi da aiki sai ciyar da tattabaru da zuwa ikirari wurin Abuna kowane mako, kamar mai ƙarfin aikata zunubi. Gattas yakan ce da Fanus ɗansa ne, da tuni ciyawa ta rufe kabarin Armaniyus.

Dangin Armaniyus suka aiko da rago, aka ɗaure shi a ƙofar Gattas. Wani irin rago ne, ƙahonsa ɗaya ya lanƙwasa har ya taɓa kuncinsa, kuma ba abin da yake so kamar tukar ganyen shayi. Da an zubar sai ya bi yana lasa.

Ranar Alhamis da la'asar ƙarar ta dawo, Gattas ya hau ya leƙa ta kan katanga. Ga Sidarus tsakiyar rufi, ba takalmi, ya jingine sandarsa a kusurwa. Ya miƙe hannu biyu, katakon shanya gurasar matarsa a kai, yana jan ƙafa daga wannan bango zuwa wancan. Gwiwoyinsa duk sun goge.

"Yaya, tallar gurasa za ka fara da tsufanka?"

Sidarus ya ce ƙafa yake motsawa. Ya tambayi ƙanensa taku nawa ne daga gada zuwa filin rumfa. Gattas ya ce ya je ya tambayi wanda zai taka, ya sauka yana dariya, ya gaya wa matarsa cewa ciwon ya bar ƙafa ya hau kai.

Lahadi bayan an fito daga coci gari ya cika. Mata suka hau rufi da gyaɗa a ƙulle, waɗanda ba su taɓa yi wa Fanus magana ba suka fi kowa ja da fuska. Aka jera kujeru, aka kewaya da shayi baƙi. Dagaci ya zauna, Abuna ya zauna, Gattas ya tsaya a gaba, hannun riga a naɗe, wuƙa a hannu. Kujerar Sidarus ce kaɗai babu kowa. Gattas ya ce a ƙyale shi, wataƙila yana can yana neman izinin tattabaru.

Hayaniya ta taso daga wajen gada, amma ba irin wadda ake jira ba. Ba a yi ihu ba, wata 'yar dariya ce ke tafiya daga baki zuwa baki. Da jama'a suka dare, Gattas ya ga farin ƙyalle na tahowa a kan hannu biyu, kuma ya gane ƙarar kafin ya gane mutumin. Shuu, a tsaya, shuu. Sidarus ne ɗauke da likkafanin Armaniyus, kansa a buɗe, sanƙo na sheƙi, ƙafa ba takalmi. Armaniyus na biye, rawanin Sidarus a karkace a kansa, sandar Sidarus a hannunsa, yana kuka da bakin nan nasa ba haƙora, ya rasa ko gaba zai yi ko baya.

Sau biyu tsohon ya faɗi. Duk biyun ya ɗaga ƙyallen sama kada ya taɓa ƙasa, ya hana a kama shi. Wani ɗan baffansu ya tofa yawu a gabansa. Wata daga kan rufi ta ce uwar Fanus ta auri mace. Wani ya ce saura ya goya shi.

Da ya iso rumfa Gattas ya tare shi. Ya ce masa ya sayar da jinin ɗansa a banza, ya jefa sunan gidansu a magudana, daga yau duk mai jin haushi sai ya ɗauki fartanya ya nufo su.

Sidarus ya daɗe yana haki kafin ya samu magana.

"Ƙanena, shekara goma sha huɗu ina kashe mutumin nan a zuciyata, kullum da irin makamin da zan ɗauka. Duk mako in je in faɗa wa Abuna, ya ɗora mini gicciye a ka, ya ce Almasihu ya ɗauke, in tashi. Ba a taɓa cire mini takalmi ba. Ba a tara mini gari ba."

Gattas ya ce wannan maganar coci ce, nan kuwa fili ne.

"To a kwance ragon nan," in ji Sidarus. "Wanda za a yanka an riga an yanka shi tun ba a haife mu ba. Da safen nan ka karɓi jikin Almasihu a coci, har ka ture mutum biyu don ka riga su."

Dagaci ya duƙufa kan kofin shayinsa. Abuna, wanda ya shirya dogon jawabi a kan gafara, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Sidarus ya auna ƙyallen da kamu, ya ce yadin zai ishe shi, shi za a sa masa in ranarsa ta zo. Ya saɓa shi a kafaɗa, ya karɓi sandarsa, bai karɓi rawanin ba. Ya ce wa Armaniyus ya zo su tafi, akwai miyar lalo a gida, ba ta bukatar haƙori.

Mutane suka watse suna tsaki, an hana su abin da suka zo gani. Ragon ya shiga ƙarƙashin kujeru yana lasar ganyen shayi. Gattas na nan tsaye inda yake, dantse a waje. Sai Ummu Rizƙ maƙwabciyarsu, wadda ta sauko daga rufi da sauran gyaɗarta, ta tsaya ta dube shi.

"Mukaddis, to wuƙar nan ta hannunka, a wuyan wa za a ɗora ta yanzu?"