Ƙarfe Mai Zanen Fanka

Sana'ata sayen tsoffin ƙarafa. Aji uku na yi a makaranta, amma ba a taɓa kayar da ni a gardama ba. Kullum da hantsi muna zama a ƙofar shagona, ni da Tela da wani tsohon malamin makaranta da muke kira Ƙamus. Yau musun ko an taɓa taka wata, gobe na wanda zai ci zaɓe. Duk abin da Ƙamus ya ce ya karanta, sai in ce mai littafin ma ji ya yi.

Ranar Talata na tsinci wani dunƙulen ƙarfe cikin kayan da na kwaso daga wata masana'anta da aka rufe. Bai fi gwangwanin madara ba, amma nauyi kamar dutsen niƙa. A jikinsa akwai zane mai kama da fanka. Mu a sana'armu, in abu ya yi nauyi, yanka shi ake yi a ga cikinsa. Na sa masa zarto. Autata, 'yar shekara biyar, tana tsugune tana wasa da garin ƙarfen da ke zuba.

Ƙamus ya iso, ya ga zanen, ya tsaya cak.

"Ajiye zarton nan," in ji shi.

"Yau kuma wane littafin ne?"

"Alamar guba ce. Ba ta wari, ba ta hayaƙi. Jiki take ratsawa, ta cinye jini, ta zubar da gashi."

Tela ya ƙyalƙyale. "Gubar da ba a gani? Ƙamus ya koma duba!"

Ni ma na soma dariya. Sai na ga Ƙamus, tsohon da ke dogara sanda, ya sunkuci Auta, ya ruga da ita tsallaken titi. Sandar tana yashe a ƙasa. Na yar da zarton, na bi su.

Ya buga wa hukuma waya. Awa uku muna tsaye a rana. Na wanke hannun yarinyar har ta yi kuka.

"Malam, me littafin ya ce a kan yara?" na tambaye shi.

Ya kau da kai.

Ma'aikata suka zo da wata na'ura kamar rediyo. A bakin shago ta kama ƙara kamar ana suya. Wata mata daga cikinsu ta kara ta a tafin Auta. Na zauna a kan kwalta, na kasa kunne ga na'urar.

Ƙas. Shiru. Ƙas.

"Zartonka bai kai cikin ƙarfen ba, Baba," matar ta ce. "Saura kaurin farce."

Sun tafi da ƙarfen, sun ɗebi jininmu, sun ce mu dawo bayan mako biyu. Yau kwana tara. Kowace safiya sai na shafa kan Auta, in duba tafina ko gashi ya biyo.

Jiya Ƙamus ya ce duniya ce ke zagaya rana. Na buɗe baki, na tuna sandar nan a ƙasa, na rufe.