Muryar Kamfani

Na daɗe ina horar da masu amsa waya a wani kamfani a birnin Lahore na Pakistan, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ƙure min haƙuri irin Muzammil ba. Turancinsa tsaf yake. Muryar ce matsala: duk maganar da ya ɗauko sai ya dire ƙarshenta ƙasa, kamar mai sauke buhun shinkafa.

Su kuwa Turawan Ingila da ke kiranmu, in ka tambaye su ko suna son taimako ba ka ɗaga ƙarshen maganar ba, ji suke kamar korarsu kake yi. Wata tsohuwa har ƙara ta kai wai yaron ya wulaƙanta ta. Manaja ya ce in bai ci gwajin ranar Litinin ba, ya tattara ya koma garinsu Okara. Ga shi da albashin nan yake riƙe da gidansu.

"Muzammil, tambaya fa kake yi, ba ta'aziyya ba! Ɗaga ƙarshen!"

"Madam, ai na ɗaga."

"Ka ɗaga ina? Ni dai rijiya na ji ka faɗa."

Ya sunkuyar da kai. "A gidanmu, Madam, in kana magana da babba ƙasa kake yi da murya. Abbu, wato babana, ya ce mai cilla murya sama ɗan talla ne."

"To nan me muke yi in ba talla ba, ɗan albarka? Abbu ne zai biya ka albashi?"

Raina ya ɓaci sosai, don na ga yaron kirki zai rasa abinci a banza. Na ɗauki cokalin shayi na riƙa ɗaga masa a hanci, cokali ya hau, murya ta hau. Shayina ya huce, samosata ta sandare, maƙogwarona ya bushe. Na ce ya riƙa yi da kowa, da mai shayi da mai kanti, har ta zauna masa a baki.

Ranar Litinin ya ci gwajin. Manaja har tafi ya yi.

Don murna, nan take ya kira mahaifinsa, ya buɗe sautin wayar wai in ji albarkar da za a sa min. Da harshen gida ya yi magana, amma muryar ta kamfani ce.

"Salamu alaikum, Abbu! Kuna lafiya? Kun ci abinci?"

"Bawan Allah, ba ma sayen komai."

"Abbu, ni ne, Muzammil!"

Tsohon ya ce, "Na ji sunan. In ɗana yana kusa, ka ce ya kira ni." Ya kashe wayar.

Muzammil ya juyo ya dube ni, idonsa ya ciko.

"Madam, yanzu wa zai koya min in sauke ta?"

Ko wannan tambayar ma, sama ya cilla ƙarshenta.